Lambobin da Lauratu Ta Wanke

Litinin, 25 ga Maris, 2024. Azumi goma sha biyar.

Shekara huɗu da wata bakwai ke nan rabona da gida. Ba zama na yi na ƙirga ba. Alhaji Ɗahiru ne ya tambaye ni da hantsi, bakina ya ba da amsa kafin in hana shi.

Na sayi littafin nan don in riƙa rubuta abin da mitar gwajin rediyo ta nuna. Ga shi na fara da kaina.

Muttaka, babban ɗan Alhaji, ya zo daga kasuwa da magini. Sun hau benen ƙasa da ke kan soro, inda rediyoyin Alhaji suke. Magini ya soka wuƙa a azara, ta shige har ƙota. Gara ta gama da ita. Ya ce ba za ta ɗauki damina ba. Za a rushe ran ashirin ga Mayu, a yi na siminti. Ɗakin da Alhaji ya ba ni shekara biyu da suka wuce yana ƙarƙashin benen, shi ma zai tafi.

Sharaɗin Muttaka: taransimita, wato na'urar aika magana ta iska, uku ne a sama, a zaɓi ɗaya. In ta yi magana kafin ranar, ya ji da kunnensa, zai gina mata ɗaki, da wurin kwanan mai kula da ita. In ba ta yi ba, duka ukun a kai wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli, ƙasan kuma ya zama shaguna. A durƙushe ya faɗa, yana ce mini Baba Ashafa. Na nemi laifinsa ban samu ba. Shekara goma sha ɗaya ƙarafan nan ba su ce uffan ba. Ni ma da ubana ne ya tara su a kan azara ruɓaɓɓiya, abin da zan faɗa ke nan.

Tun zuwana gidan nake cewa Alhaji mu kunna ɗaya, yana cewa sai wani satin. Yau na gane. Muddin ba a kunna ba, ba wanda zai ce masa ta mutu. Amma lasisi, duk shekara sai ya sabunta.

Laraba, 27 ga Maris

Wani a masallaci ya tambaye ni ko Alhaji gidan rediyo zai buɗe. Na gaji da bayani. Ba kiɗa, ba labarai. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, yana da izinin magana ta iska da masu irin wannan izini. Abokinsa ɗaya ya rage, Malam Mikail, a Jos. Da, duk Lahadi da hantsi suke haɗuwa, wannan ya ce yaya kake ji na, wancan ya ba shi maki, su zagi juna, su kashe. Dukansu suna da wayar hannu. Alhaji ya ce wannan ba magana ba ce, aike ne.

Yau aka yi zaɓe. Kowace da sunanta.

Giwa ta gidan waya ce, a gwanjo ya same ta. Ta kai kafaɗata. In aka kunna ta fitilun layinmu duka sai sun yi ja. Ta fita tun ba a fara ba.

Baturiya ta kamfani ce, fenti ruwan toka, maɓallai na sheƙi, har da littafinta. Ita raina ya so. Shekara talatin da huɗu ina gyaran rediyo ban taɓa mallakar irinta ba.

'Yar Gida kuwa Alhaji ne ya haɗa ta da hannunsa a 1972, a kan farantin alminiyon da maƙera suka lanƙwasa masa. Ramukan ba su daidaita ba. Ba zane, ba rubutu, komai yana cikin kansa.

Ni a zaɓen tsohuwar na'ura hanci nake fara sawa kafin ido. Kuma taransifoma nake fara nema, don komai ana iya maye gurbinsa ban da ita. Na kai hanci bayan Baturiya, sai ƙaurin ƙonannen kwalta. Mita ta tabbatar. Ta 'Yar Gida lafiya lau, ko tsatsa babu.

Na gaya wa Alhaji. Ya yi dariya har da tari.

"Ai na sani. Ni na ƙona ta, ranar sunan 'yata Lauratu."

Ya bar ni yini guda ina lallashin gawa, da azumi a bakina. Ya ce so yake in zaɓi 'Yar Gida da kaina, kada in ce son kai ya yi. Tsoho ne mai wayon tsiya.

Asabar, 30 ga Maris

Ƙanena Tanko ya kira daga gida, sau biyu. Wai mutane sun fara komawa. Su koma. Ni toka na baro a inda shagona yake.

Talata, 2 ga Afrilu

Na kwantar da 'Yar Gida na buɗe cikinta. Gidan zanzaro uku, ƙwan kyankyaso, da busasshen ƙadangare da ya mutu yana riƙe da waya. Aikin dalmar Alhaji kuwa, sai dai in yi shiru. Kowane ɗigo kamar ƙwayar gero, ba wanda ya fi wani. Ban gaya masa ba, kansa zai ƙara girma.

Kondensa huɗu sun kumbura, sai an sake. Sauran zan tashe su a hankali, in bi da wuta ta cikin ƙwan fitila, kaɗan-kaɗan. Abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana barci ba a tashinsa da tsawa.

Alhaji yana zaune a kan buzunsa, idon nan nasa da yanar ido ta rufe yana kallon bango, amma kunnensa yana kan hannuna. Ko sukudireba na ajiye ya san wace ce. Sau uku yana ce mini hannu ɗaya a aljihu, Bazamfare, akwai wutar da ke kwana a cikinta ko an kashe. Kamar ni ne ban sani ba. Na sa hannun a aljihu dai.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Na zare bawul duka, na cikin na'urorin uku da na ajiya da ke kwalayen takalma. Alhaji ƙwai yake ce musu. Kwalaben gilashi ne masu ƙafafun ƙarfe, wani kamar babban yatsa, wani kamar kwalbar lemo. Su ne ran abin. Ba mai sayar da su a Sabon Gari yanzu, in ka tambaya ma kallon mahaukaci za a yi maka. Saba'in da uku. Tara ne na 'Yar Gida.

Kowane da lambarsa a jikin gilashi, da wani siririn fenti da ko yatsa mai gumi yana iya ɗauke shi. Na jera su a babban tire, sai bayan Sallah in gwada su. Ya kamata in rubuta wanne ya fito daga wane rami. Rana ta yi zafi, kaina na sarawa. Gobe.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ta wanke su.

Talata, 9 ga Afrilu

Jiya hannuna bai iya rubutu ba.

Na tafi Sabon Gari neman dalma da kondensa. A gida ana sharar Sallah. Lauratu, 'yar Alhaji da ta dawo gida tun rasuwar mijinta, ba ta cika hawa benen ba. Zoɓonta da kunun ayarta sun ishe ta aiki. Amma ta ji ubanta yana atishawa kwana biyu, ta ce yau sai ta ga bayan dattin ɗakin nan. Ta tarar da tire cike da kwalabe sun yi baƙi. Ta ɗora ruwan ɗumi, ta kawo sabulu da soso. Ɗaya bayan ɗaya. Ta goge su da tawul, ta jera su a kan kanta, manya a baya, ƙanana a gaba, kamar jeren amarya.

Da na hau suna ta ƙyalli. Ban taɓa ganin bawul da kyau haka ba. Ba lamba ko ɗaya.

Tana tsaye bakin ƙofa da bahonta, tana jiran a ce sannu. Na tambaye ta wa ya aike ta. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ce:

"Abin da 'yan bindiga suka yi wa shagona da wuta, ke kin yi shi da sabulu."

Ta sunkuya ta ɗauki soson da ya faɗi, ta sauka.

Alhaji ya ce, "Malam Ashafa, 'yata ce." Bai ce Bazamfare ba.

Laraba, 10 ga Afrilu. Sallah.

Tuwon Sallah ya zo bakin ƙofata a rufe, kamar bara. Tsoka uku, har da ƙashin bargo da ta san ina so. An ƙwanƙwasa an tafi. Na ci. Da ta rage naman da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 12 ga Afrilu

In za a yi gaskiya: wa ya bar su a tire a buɗe? Wa ya ce gobe? A gidan da mace take, in ka ajiye gilashi mai datti ana jibi Sallah, me kake jira? Rabin laifin nawa ne. Fiye da rabi. Na rubuta a nan, amma daga nan zuwa tsakar gida tafiya ce mai nisa.

Manyan ba su da wuya. Alhaji yana shafa su da yatsa yana faɗin sunansu. Biyun nan masu hula a ka, 807, ko ni daga nesa na san su. Huɗu daga cikin tara sun samu. Ƙananan ne masifa. Arba'in da ɗaya, duk kamar uwa ɗaya ta haife su, biyar muke nema a ciki. Ƙafafunsu iri ɗaya a ido, amma kowace ƙafa da aikinta. Ka sa wanda ba shi ba, babbar wuta ta bi inda ba hanyarta ba.

Alhaji ya haddace lambobin ramukan, daga hagu zuwa dama, yana jero su kamar mai tilawa. Shi yana da lambobi ba ido, ni ina da ido ba lambobi.

Akwai dabarar da maigidana ya koya mini a Gusau: fenti ko ya goge yana barin inuwarsa, in ka yi wa gilashin huci sai ta fito. Na yi ta yi har jiri ya kama ni. Ko alamar raɓa. A wannan zafin na bazara gilashin ya fi numfashina ɗumi. Alhaji ya ce in zan yi tofi in yi da bismilla.

Ya ce Bazamfare yau. Sau ɗaya.

Talata, 16 ga Afrilu

Na ɗaga wani a rana, na leƙa cikinsa, na ce na gane shi. Na sa a rami na biyu. Wani shuɗin haske, ɗan ƙara kamar an taka gyaɗa.

Alhaji ya ce, "Wanne ne?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to yanzu ka san matacce ne.

Ba sabulu a wannan. Hannuna ne da taurin kaina.

Asabar, 20 ga Afrilu

Muttaka ya ji labari. Ya zauna a matakala ya duba wayarsa, ya ce ana samunsu a ƙasar waje, amma ba za su iso ba sai bayan wata biyu. Na ce ko za a ɗaga ranar. Ya nuna mini azara. Wani ɓangaren ma ya fara saki, ƙasa na zubowa kan Giwa. Ya ce, Baba Ashafa, kullum Alhaji a ƙarƙashin nan yake wuni.

Da zai tafi ya ce yana da aboki a Gwammaja mai ɗakin soro da ba kowa, ko da za a buƙata. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ita ce ta fi ciwo.

Talata, 23 ga Afrilu

Kwana goma sha biyar ba a ce mini an tashi lafiya daga bayan ƙyaure ba. Ban san ina lissafa gaisuwar nan a cikin abincin safe ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Da hantsi na ji sallama a ƙasan matakala. Lauratu ce, da kular ƙanƙararta da ledoji. Ba ni ta yi wa magana ba, ubanta ta yi wa. Ta ce ya ce wa Malam ya miƙo ɗaya daga ƙananan.

Na miƙa. Ta ƙulle shi a leda, ta tura cikin ƙanƙara, ta rufe, ta zauna a matakala tana kallon ƙafarta. Ta yi wa Alhaji bayani, ni ina ji. Kwalaben da take zuba zoɓo na gwangwan ne take saye ta wanke tas. Amma duk sanda ta fito da su daga firiza suka yi gumi, sai tsohon rubutun da ta kankare ya fito a jiki, ya ɗan tsaya, ya ɓace. Shekara nawa tana gani. Da Alhaji ya ba ta labarin hucin da nake yi har ina neman faɗuwa, sai ta ce ai mutumin nan sanyi yake nema.

Ta fito da shi, ta kwance ledar, ta ɗaga shi saitin taga. Gilashin ya yi fari da raɓa. Ni ina laluben tabarau, ita ta karanta:

"Sha biyu, e, eks, bakwai."

Kafin in sa tabarau ya ɓace. Alhaji ya buga cinya ya ce rami na huɗu.

Ta yanki filasta, ta rubuta da biro, ta manna a gindinsa. Sannan ta miƙo hannu ba ta dube ni ba. Na sa mata wani.

Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a.

Mun yi bakwai kafin ƙanƙarar ta narke. Biyar sun nuna, biyu sun ƙi. Ta ce waɗannan ta fi dirza su, don sun fi datti.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ƙanƙarar da muke ci ta zoɓonta ce. Jiya da ɗumi ta sayar, rabi ya dawo. Ba ita ta faɗa ba, na ga kwalaben a tsakar gida.

Yau na ce, Lauratu, maganar da na yi ranar nan. Ta ce wace magana. Ta san wace. Ta bar ni na maimaita ta da bakina tun daga farko, gaban ubanta, ba ta taimake ni da ko kalma ba. Da na ji ta a bakina karo na biyu sai na rasa inda zan sa fuskata. Na ce ban kyauta ba, ki yafe mini.

Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Sannan ta ce, "Amma Malam, in ka ajiye abu ka rufe shi. Ko miya ce ana rufewa."

Alhaji ya yi kamar barci yake.

Alhamis, 2 ga Mayu

Talatin da uku an gama. Ita ke karantawa, ni ke rubutawa yanzu, don ta ce rubutuna ya fi nata kyau, karatuna ne ba sauri. Tana kiran lambobin da muryar da take kiran masu sayen kunu. Ta fara sanin su. Ɗazu tun raɓa ba ta gama kamawa ba ta ce wannan irin na jiya ne mai dogon wuya, kuma shi ne.

Na koya mata duba tabon azurfa da ke cikin gilashi. In yana sheƙi da rai, in ya koma fari kamar alli iska ta shiga, ya mutu. Ta ware goma sha ɗaya da kanta, manya da ƙanana. Ta tambaya ko ruwanta ne ya kashe su. Na ce a'a, sun mutu tun tana 'yar makaranta. Gaskiya ce, ba lallashi ba.

Huɗu daga biyar sun samu. Saura na rami na biyu.

Litinin, 6 ga Mayu

An gama duka. Na rami na biyu babu. Lauratu ta ce a sa wanda ya ƙone a ƙanƙara, a gani. Na ce ba amfani. Ta sa.

6CL6. Shi ne. Shi kaɗai ne a gidan. Ramin ma daidai na sa shi, ashe. Na duba ƙarƙashi na ga wayar da na mayar ba daidai ba ranar da na sake kondensa. Idona bai yi ƙarya ba, hannuna ne ya yi.

Ta kwashe ledojinta a hankali kamar a gidan makoki.

Laraba, 8 ga Mayu

Akwai hanya. Muna da 12BY7 guda uku daga Baturiya, zai iya aikin, amma sai an warware wayoyin ramin an sake ɗaura su. Wato in sa almakashi a aikin da Alhaji ya yi yana saurayi. Shekara hamsin da biyu ba hannun da ya canza mata tsari.

Na gaya masa jiya. Ya ce a kawo masa ita. Na ɗora masa a cinya, a kashe, na sauke wutar da ke kwana a ciki. Ya bi wayoyin ramin da yatsa ɗaya-ɗaya, yana gaya mini wannan jar daga tsohuwar motar ofis ya cire ta, wannan kuma ranar da ya ɗaura ta aka yi ruwan da ya rushe katangar maƙwabta. Ya ce a bar shi ya kwana da maganar.

Yau da na hau, kafin in gama sallama ya ce, "Yanke. Amma ka yi ɗigon dalma ƙanana, kada a gane inda na tsaya."

Na yi iyakar yina. Ya shafa bayan ta huce. Ya ce ana ganewa. Ya ce a bar shi haka.

Asabar, 11 ga Mayu

Ta kama.

Tara duka sun yi ja a hankali, kamar garwashi. Ƙamshin tsohon ƙarfe mai ɗumi ya cika ɗakin, Alhaji ya ja shi da hanci ya rufe ido. Maimakon eriya na haɗa mata ƙwan fitila, don gwaji. Na ba shi makirfo. Ya yi gyaran murya ya faɗi lambar kiransa, sai ƙwan ya haska, yana ƙaruwa yana raguwa da muryarsa. Haske shi ne abin da idonsa ke iya gani har yanzu. Ya matso da fuska kusa da ƙwan, ya yi ta magana. Ya kira sunan Lauratu, ya kira na marigayiya matarsa, ya karanta Fatiha, yana kallon ta tana haske.

Na fita duba eriya. Ba abin da ya same ta, jiya na ɗaura ta a darbejiyar maƙwabta.

Lahadi, 12 ga Mayu

Malam Mikail ya zauna gaban rediyonsa a Jos tun ƙarfe tara. Muttaka ya zo. Ba wuta har azahar. Saura Lahadi ɗaya.

Laraba, 15 ga Mayu

Hadari ya haɗu a gabas da la'asar, iska ta taso, ba a yi ruwa ba. Wani guntun ƙasa kamar kan mutum ya faɗo inda Alhaji ke zama. Yana masallaci. Na lulluɓe 'Yar Gida da tabarmata da ledar Lauratu. Daga yau na hana shi hawa sai ran Lahadi. Ya ce a gidansa? Na ce a gidansa.

Lahadi, 19 ga Mayu

Muttaka ya zo da janaretan shagonsa a bayan a-daidaita-sahu. Ba wanda ya roƙe shi. Shi ya ja igiyar da kansa, da farar shaddarsa.

Ƙarfe tara da rabi Alhaji ya fara kira. Allurar mita tana motsi yadda ya kamata, 807 suna aikinsu. Ya saki maɓalli, muka kasa kunne ga rediyon da ke karɓa. Ba komai sai shuuu da tartsatsi. Ƙarar janareta, da na'urorin sola na unguwa duka, da hadarin da ke yawo, sun cika iskar. Ya sake kira. Ya sake. Sau bakwai. Muryarsa ta fara dushewa. Lauratu na matakala ta cusa gefen mayafi a baki.

Ni na riga na fara tunanin Gwammaja.

Sai Muttaka ya ciro wayarsa ya kira Jos, ya buɗe murya. Ya ce wa ubansa ya ci gaba. Alhaji ya ce shi ba ya son aike. Muttaka ya ce, Alhaji, don Allah.

Alhaji ya danna maɓalli, ya kira. Sai ga muryarsa tana fitowa daga tafin hannun ɗansa. Ta fita ta darbejiya, ta je Jos, ta faɗa rediyon Malam Mikail, ta dawo ta waya. Siririya, da ɗan amo kamar daga cikin tulu, amma tasa ce. Mutum ɗaya yana magana a wuri biyu.

Sannan Malam Mikail, yana haki kamar ya yi gudu:

"Ka gaya wa tsohon banzan nan ina jin sa, makinsa biyar da bakwai. Tun kiran farko nake amsawa, kurma ne. Kuma muryarsa har yanzu ta akuya mai mura ce."

Alhaji ya danna maɓalli ya ce bakwai ƙarya ce, tara ce, kunnen Mikail ne ya ruɓe tun zamanin gidan waya. Haka suka yi kusan rabin awa, shi ta iska, wancan ta waya, Muttaka na tsaye a tsakiya da hannu a miƙe. Bai sauke ba ko sau ɗaya. Ya ce rabon da ya ji Alhaji yana zagin wani da daɗi haka tun Hajiya na da rai.

Da aka kashe, Muttaka bai yi maganar sharaɗi ba. Ya tambaye ni ko ƙafa goma sha biyu ta isa faɗin ɗakin, ko a ƙara.

Talata, 21 ga Mayu

An rushe jiya. Ni da Muttaka muka sauko da 'Yar Gida, tana ɗakin Lauratu a kan akwati, an rufe ta da zane. Giwa da Baturiya sun tafi a kura, bayan na cire duk abin da zai yi amfani. Alhaji ya shafa su a ƙofar gida, bai daɗe ba. Ni ina kwana a soron maƙwabta kafin a gama.

Magini ya zo yana tambayar ina za a fitar da taga, ina za a sa soket, benci kuma wane tsayi. Alhaji ya ce a tambayi Bazamfare. Na ce taga gabas, soket uku, ɗaya kusa da inda gado zai zauna. Benci kuwa na tsaya ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna. Aiki ne kawai, dole a auna da wani. Da na ce masa a bar gurbi a bango don kular ƙanƙara ma, don sauran aikin ne.

Cikin saba'in da uku: tara suna jikin 'Yar Gida. Arba'in da bakwai suna kwali, kowane da filastarsa. Goma sha ɗaya sun mutu da kansu. Ɗaya ni na kashe. Biyar har yanzu sun ƙi faɗin sunansu.

Hamsin da shida muka tsirar.